Ku Tambayi Malamin Wasanni: Ƙwallon Mutanen Ailan da Gasar Ƙananan Garuruwa

Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan abu ɗaya suka zo: ƙwallon gargajiyar mutanen Ailan da ake kira Gelik, da gasar da ƙananan kulob ɗinsu ke yi lardi-lardi. Wani guntun bidiyon wasan ne ya yi ta yawo a wayoyin samarin Kebbi. Na taƙaita wasiƙun saboda ƙarancin fili, masu su su yi mini afuwa.

TAMBAYA, daga wani mai gidan kallon ƙwallo a Jega:

Malam, Allah ya ƙara basira. An nuna mini bidiyon wasu Turawa a Facebook suna ƙwallo. Mutum zai cafe ta da hannu ya sheƙa a guje, can ya sake ta a ƙafa ta dawo masa hannu, rafali yana gani bai busa ba. Wani ma ya ɗaga ta ta bi ta saman raga, maimakon a yi masa ihu sai fili ya ɗauki tafi. Gardama ta kaure a gidan kallona, wasu sun rantse zari-ruga ce. Wane wasa ne wannan?

AMSA:

Ƙanena, ka gaya wa masu rantsuwa su sassauta, ba zari-ruga ba ce. Ƙwallon zari-ruga doguwa ce mai baki biyu, wannan kuwa kewayayya ce irin wadda muka sani, sai dai ta ɗan fi ta nauyi.

Kowane ɓangare mutum 15 ne: gola, 'yan baya shida, biyu a tsakiya, shida a gaba. Filin ya fi namu girma sosai, tsawonsa mita 130 zuwa 145, faɗinsa mita 80 zuwa 90. Raga tana nan da golanta, amma turakun nan biyu ba su tsaya a sandar sama ba, sun miƙe can sama. Idan ƙwallo ta shiga raga maki uku ke nan, sai a ɗaga koriyar tuta. Idan ta bi ta saman sanda a tsakanin turakun, maki ɗaya ne, a ɗaga fara. Wanda ka ga ana yi wa tafi maki ya ci.

Riƙon hannun yana da ƙa'ida. Taku huɗu kawai za ka yi da ita a hannu, daga nan sai ka buga ta da ƙasa, ko ka sake ta a kan ƙafa ka harbo ta ta dawo hannunka. Buga ta da ƙasa sau biyu a jere laifi ne, shi ya sa kake ganin suna ta sauke ta a ƙafa cikin gudu, kuma wannan ne ya fi wuyar koyo ga wanda bai tashi da wasan ba. Ba a jefa wa abokin wasa ƙwallo. Ko ka buga masa da ƙafa, ko ka ɗora ta a hannu ɗaya ka nausa da ɗayan. Idan tana ƙasa ba ka sunkuyawa ka ɗauka, sai ka sa ƙafa ka ɗago ta. Babu satar gida. An yarda ka bangaje mutum kafaɗa da kafaɗa, amma ba a rungume shi a kayar. Ban da katin gargaɗi da jan kati suna da baƙin kati, na wanda ya kayar da mutum da gangan don ya kashe hari. Wannan zai zauna a waje minti goma. Wasan kulob minti 30 ne sau biyu. Ni da na daɗe ina riƙe da usur, abin da ya fi burge ni shi ne kowace raga tana da mutum biyu sanye da fararen riguna, aikinsu su tabbatar wa rafali ko ƙwallo ta bi tsakanin turaku ko ta kauce.

Ga yadda ake karanta sakamako, don kada wata gardamar ta sake tashi. In ka ga 1-13, lambar farko ƙwallayen raga ce, ta biyu makin sama. Uku a haɗa da 13, maki 16 ke nan. Saboda haka mai 0-19 ya ci mai 1-13 ko da bai taɓa raga ba. Daga 2025 sun ƙara wata doka: wanda ya ci makin sama daga bayan wani lanƙwasasshen layi da ke mita 40 daga raga, maki biyu ake ba shi, a ɗaga tuta ruwan goro. Kuma dole kowace ƙungiya ta bar aƙalla mutum uku a gidan abokan karawa. Dalili kuwa, ƙungiyoyi sun koma tara kowa a baya suna ta miƙa wa juna ƙwallo da hannu har 'yan kallo suka fara ƙosawa. Gyaran ya yi, wasan ya dawo da zafinsa.

TAMBAYA, daga wani malamin firamare a Argungu:

Ranka ya daɗe, a ƙarƙashin bidiyon an rubuta cewa wasan ƙarshe ne na gasar ƙananan kulob ta lardin Munster. Amma mutanen da na gani a fili magidanta ne, har da masu sanƙo. Ina ƙanƙantar take? Kuma yaya tsarin gasar yake?

AMSA:

Tare da naka, Malam. Ƙanƙantar ta matakin kulob ce, yara suna da nasu gasannin daban. Waɗannan manoma ne da makanikai da ɗalibai da malamai irinka, waɗanda garinsu ba shi da yawan jama'ar da zai tsaya da manyan garuruwa.

Tsibirin Ailan yana da gundumomi 32 a cikin larduna huɗu: Leinster a gabas mai gunduma 12, Ulster a arewa mai tara, Munster a kudu mai shida, Connacht a yamma mai biyar. Shida daga cikin gundumomin Ulster suna ƙarƙashin mulkin Birtaniya, amma hukumar wasan, wadda ake kira GAA, ba ruwanta da wannan iyaka a wajen gasa. Kusan kowane ƙauye da kulob ɗinsa. Kowace gunduma ta kasa kulob ɗinta mataki uku gwargwadon ƙarfi: manya, matsakaita da ƙanana. Kowa da tsararsa yake karawa. Wanda ya ɗauki kofin ƙanana a gundumarsa, baɗi ya hau matakin matsakaita, wanda kuma ya yi ta shan kashi a sama ya sauko.

Zakaran gunduma ba a gida yake tsayawa ba. Shi zai wakilci gundumar a gasar lardi, wadda kuka gani, kuma sili-ɗaya-ƙwale ce, babu gida da waje. Tun 2022 aka raba shekara gida biyu: wasannin da gunduma ke karawa da gunduma su ƙare a Yuli, sauran watannin na kulob ne. Ana gama gasar cikin gunduma wajen Oktoba, ta lardi ta faɗo Nuwamba da Disamba, ga sanyi ga ruwan sama ga taɓo, rana na faɗuwa tun ƙarfe huɗu da 'yan mintoci. Zakarun larduna su haɗu a wasan kusa da na ƙarshe, biyun da suka rage su tafi babban filin wasa na Croke Park a Dublin cikin Janairu.

Sai mutum ya san matsayin Croke Park a wurinsu zai gane nauyin wannan tafiya. An kafa GAA ran 1 ga Nuwamba 1884 a garin Thurles, wani malamin makaranta mai suna Michael Cusack ne a gaba wajen kiran taron. Lokacin Ingila ke mulkin ƙasar, wasanninta na neman shafe na gargajiya, su kuwa suka ce ba za ta saɓu ba. Har 1971 doka ce a cikinsu ɗan ƙungiya ba ya buga ƙwallon ƙafa irin tamu ko zari-ruga, ko kallo ba ya zuwa. Ran 21 ga Nuwamba 1920, a tsakiyar yaƙin neman 'yanci, dakarun Birtaniya suka buɗe wuta a cikin filin ana wasa tsakanin Dublin da Tipperary, suka kashe mutum 14, har da ɗan wasan Tipperary Michael Hogan. Rumfar da ake miƙa kofi a yau sunansa aka sa mata. Filin yana cin mutum sama da 82,000. To a nan ne ƙauyen da duk jama'arsa ba za su cika kusurwa ɗaya ba ke fitowa da rigarsa, kyaftin ɗinsa ya hau matakalar rumfar Hogan ya karɓi kofi daidai inda manyan zakarun ƙasa ke karɓar nasu.

Labarin da ya fi fito da wannan gasa shi ne na Fossa, wani ƙauye a gefen garin Killarney a gundumar Kerry. A Yulin 2022 David Clifford ya ɗauki babban kofin ƙasa, kofin Sam Maguire, tare da Kerry, aka kuma zaɓe shi gwarzon ɗan wasan shekara. Daga nan ya koma gida ya saka rigar Fossa, kulob ɗin mataki na uku, shi da wansa Paudie da samarin da suka taso tare. Suka ci kofin Kerry, suka ci na Munster a Disamba, ran 15 ga Janairu 2023 suka doke Stewartstown Harps ta gundumar Tyrone 0-19 da 1-13 a Croke Park. Maki 11 daga ciki David ne ya ci. Wasan bai ƙare da daɗi ba, an ba da jan kati shida, har da 'yan'uwan biyu, kuma wannan ba abin yabo ba ne. Amma ka duba, Malam: mutumin da ake ganin ya fi kowa iya wasan a ƙasarsa, a mataki na uku ya buga wa kulob, don nan ne garinsu. Sana'arsa kuma irin taka ce, koyarwa yake yi a makarantar sakandare.

Tsarin bai rasa ƙorafi ba. Kulob ɗin Kerry sun fi na kowa ɗaukar wannan kofi, kuma ba gwaninta kaɗai ce ta jawo ba. Kerry ta daɗe tana taƙaita manyan kulob ɗinta, a shekarun da ƙorafin ya yi ƙarfi ba su kai goma ba, alhali wasu gundumomin suna da 16. Sai ya zama kulob ɗin da a wata gunduma da matsakaici ne, a Kerry cikin ƙanana ake lissafa shi. Ga shi kuma suna barin 'yan wasan ƙananan kulob na yanki ɗaya su haɗu su kafa ƙungiyar yanki su shiga gasar manya, don haka sun goge tun kafin su fita lardi. A ganina masu ƙorafi suna da gaskiya a kan na farko. Na biyun kuwa dabara ce mai kyau da ya kamata sauran su kwaikwaya. Duk da haka ana kayar da su: Kilmeena ta gundumar Mayo ta doke Gneeveguilla ta Kerry a wasan ƙarshe na 2022, Arva ta Cavan kuma ta doke Listowel Emmets a na 2024.

TAMBAYA, daga wani kocin ƙungiyar unguwa a Yauri:

Baba Malam, an ce mini ko kwabo ba a biyan 'yan wasan nan, har manyansu. Ni dai ban yarda ba. Mu nan yaro ba ya ɗaura but sai an yi maganar alawus. Kuma in gaskiya ne, me ya hana kulob mai kuɗi ya kwashe gwanayen ƙauye?

AMSA:

Ɗana, gaskiya aka gaya maka. Dokar GAA ce ba a biyan ɗan wasa albashi, ba a sayensa, ba a sayar da shi. Waɗanda ke buga wa gunduma ana mayar musu da kuɗin mai, a ba su abinci da kayan wasa, gwamnati ma tana ba su ɗan tallafi a shekara, amma kowa da aikin da yake ci da shi. Ɗan kulob kuwa shi ne ma ke biyan kuɗin zama mamba duk shekara.

Abin da ya hana kwashe gwanaye shi ne dokar gari. A yawancin gundumomin karkara, yankin cocin da ka taso ko kake zaune shi ne kulob ɗinka, daga ƙuruciya har ka daina wasa. In aiki ko aure ya mai da kai wani gari kana iya neman sauyi, amma sai kwamitin gunduma ya duba ya tabbatar da gaske ka tashi.

Kuɗin tafiyar da kulob daga jama'ar gari yake fitowa: kuɗin mamba, kuɗin ƙofa, ɗan kasuwar da ke sa sunan shagonsa a jesi, da wata cacar tikiti da suke yi duk mako, wadda mu addininmu bai yarda da ita ba. Mai yanke ciyawa, mai zana layi, mai wanke jesi, mai koya wa yara ran Asabar, duk aikin sa kai ne. Filin galibi mallakar kulob ne, ba aron makaranta ba ne da za a kore su gobe. Su ma suna da nasu raunin. An daɗe ana zargin wasu kulob da biyan kocin da suka ɗauko daga waje ta bayan fage, hukumar kanta ta sha yin magana a kai. Ƙauyukan yamma kuma sai rasa samari suke yi, sun tafi Dublin da Landan da Ostireliya, har kulob biyu da suka daɗe suna hamayya kan haɗe kafin su iya fitar da yara 15.

Tambayarka ta fama mini tsohon miki. Na taɓa busa wasan ƙarshe a wani gari na jihar nan, ba zan faɗi sunansa ba. Ƙungiyar da ta ɗauki kofi, fiye da rabin 'yan wasanta ranar aka sauke su daga mota, 'yan haya ne daga wata jiha. Yaran garin da suka yi ta atisaye tun farkon gasa, su suka kawo ƙungiyar wannan mataki, suna zaune a benci da jesi a jikinsu. Akwai wani ɗan baya a cikinsu, ɗan mai sayar da itace, wanda ba a wuce shi da daɗi. Har aka tashi ba a sa shi ba. Bayan magariba 'yan hayan suka karɓi kuɗinsu suka shiga mota. Yaron nan tun daga ranar bai sake taka fili ba, ƙungiyar ma ba ta kai baɗi ba. Wanda ya ɗauki nauyinta ya sami hoto da kofi, garin bai sami komai ba.

Shi ya sa yaronka ke neman alawus kafin ya ɗaura but. Ya ga yadda abin yake: in gasa ta yi zafi za a kawo wani a biya shi, to shi ma gara ya karɓi nasa tun yanzu. Ban ga laifinsa ba. Kuma ɗan Ailan yana da aikin yi, yaronmu kuwa ranar da ya zo fili sau da yawa ranar ce bai fita kabu-kabu ko gona ba. Kuɗin mota da abinci da magani in ya ji rauni haƙƙinsa ne a kan ƙungiya. Wanda Allah ya ba baiwar da za ta kai shi NLO ko NNL, gasannin ƙasa na mataki na uku da na biyu, har Firimiyar Nijeriya, a sa masa albarka ya tafi ya ci abinci da ƙafarsa. Amma waɗannan 'yan kaɗan ne. Sauran, gasa suke buƙata da za su tabbata ba za a ture su ranar wasan ƙarshe ba.

TAMBAYA, daga wata uwa a Birnin Kebbi:

Malam, ɗana yana karatu a Ailan, a wani ƙaramin gari. Ya bugo waya ya ce mutanen garin sun ja shi cikin ƙungiyar ƙwallonsu, har an ba shi riga. Hankalina bai kwanta ba. Ina tsoron karaya, ina kuma tsoron su janye shi daga salla da karatu. In hana shi?

AMSA:

Hajiya, Allah ya raya shi, ya dawo miki da shi lafiya da abin da ya je nema. Shawarata kada ki hana shi, amma ki kafa masa sharaɗi.

Wasan yana da karon jiki fiye da ƙwallon da muka sani. Ana targaɗe, ana karya yatsa, gwiwa kan goce. Tun 2014 dole kowane ɗan wasa ya sa robar kare haƙora. Hukumar tana da asusun taimaka wa wanda ya ji rauni, amma sai mai rajista yake amfana. Saboda haka ki fara tambayarsa ko an yi masa rajistar zama mamba, ba riga kawai aka miƙa masa ba.

Ba shi ne baƙo na farko a wannan wasa ba. Garin Ballyhaunis a gundumar Mayo yana da masallaci tun shekarun 1980, kulob ɗin garin kuma ya yi suna wajen jawo 'ya'yan baƙi. Shairoze Akram, wanda aka haifa a Pakistan, ya ɗauki kofin ƙasa na 'yan ƙasa da shekara 21 tare da Mayo a 2016. Ikem Ugwueru, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, ya buga wa gundumar Clare. Abin da ba zan ɓoye miki ba, al'adarsu ce in an ci wasa a zarce mashaya a yi murna, in kofi ne ma a kwana ana yi. Ya gaya musu tun ranar farko cewa shi ba ya sha kuma yana da lokutan salla. A cikinsu ma akwai waɗanda ba sa sha. An kuma taɓa samun masu zagin baƙar fata a fili. Dokar wasan ta tanadi jan kati da dakatarwa a kan haka, in ta same shi kada ya haɗiye, ya kai ƙara.

A ƙaramin garin Ailan kulob shi ne dandalin gari. Wanda ya shiga ya sami masu nema masa ɗaki, masu gaya masa inda ake neman ma'aikaci, masu cigiyarsa in an kwana biyu ba a gan shi ba. Yaron da ke ƙunshe shi kaɗai a ɗaki cikin hunturunsu ya fi ba ni tsoro a kan wanda ke fita atisaye. Sharaɗin shi ne salla a kan lokaci, sakamakon jarrabawa ya riƙa zuwa hannunki, ranar da karatu ya fara ja da baya a ajiye riga.

TAMBAYA, daga wani jami'in wasanni na ƙaramar hukuma a ƙasar Zuru:

Yallaɓai, za mu iya fara wannan wasa a makarantunmu? Ƙara wa turaku tsawo ba wuya ba ne a wurin mai walda.

AMSA:

Abokin aiki, turaku kam ba wuya. In malamin wasanni ya koya wa yara don nishaɗi babu laifi. Amma ba zan ba ka shawarar kashe kuɗin ƙaramar hukuma a kai ba. Ba ku da abokan karawa, ba ku da rafalin da ya san dokar, ga langa da kokawa da dambe suna jiran mai tsara su. Su mutanen Ailan nasu na gado suka raya. Tsarinsu za mu ɗauko mu ɗora a kan ƙwallon da yaranmu ke bugawa kowace yamma.

Jihar Kebbi tana da ƙananan hukumomi 21 a masarautu huɗu: Gwandu goma, Argungu huɗu, Zuru huɗu, Yauri uku. Kowace ƙaramar hukuma ta yi wa ƙungiyoyinta rajista, ta kasa su mataki biyu don farawa, masu ƙarfi na cikin gari daban, na ƙauyuka daban. Yanzu in aka haɗa ƙungiyar ƙauye da ta tsakiyar Jega ko Birnin Kebbi a zagayen farko, ruwan ƙwallaye za a yi mata ta koma gida, baɗi ba za ta dawo ba. Zakaran kowane mataki ya tafi gasar masarauta, zakarun masarautu huɗu su haɗu, a yi wasan ƙarshe na matakan biyu rana ɗaya a filin wasa na Haliru Abdu. Ƙungiyar ƙauye daga Ngaski ko Augie ko Fakai ta san tun ranar farko cewa hanyar nan Birnin Kebbi take ɓullewa.

Wuyar aikin tana wajen rajista. Ɗan wasa ya tsaya a ƙungiya ɗaya har shekara ta ƙare. A yi masa kati mai hoto, da sa hannun mai unguwa ko dagaci cewa a nan yake zaune, a rufe rajista kafin a busa wasan farko. Ƙungiyar da aka kama da ɗan haya a ƙwace makinta, ko ta wane ce. Da zarar an yi wa mutum ɗaya alfarma, shi ke nan, kowa zai zo neman tasa. Kofin kuma kada ya ɗauki sunan mai neman kujera. Mun ga irin waɗannan kofuna suna fitowa gab da zaɓe su ɓace bayansa, wani lokaci ko wasan ƙarshe ba a yi ba. Mai son taimakawa ya sayi jesi, ya biya kuɗin mota, a gode masa a lasifika, amma kwamiti ne zai riƙe gasar, ya karanta lissafin kuɗi a bainar jama'a ƙarshen shekara.

A fara bayan an kai amfanin gona gida, a gama kafin zafi ya sauko, a kauce wa watan azumi. Na san a ɓangarenku akwai garuruwan da hanyarsu ba ta da aminci, musamman a Danko-Wasagu da Sakaba. Kada a cire su daga gasa saboda haka. A kawo wasanninsu cikin garin Zuru, a fara da wuri a tashi da sauran rana, gasar ta ɗauki kuɗin motarsu.

TAMBAYA, daga wata ɗaliba a Aliero:

Malam, mata suna buga shi? Kuma a ina za mu kalli wasan?

AMSA:

'Yata, suna bugawa sosai. Suna da hukumarsu daban tun 1974, da gasar kulob mai mataki uku irin ta maza. Dokokin kusan ɗaya ne, sai dai mace tana iya ɗaukar ƙwallo daga ƙasa da hannu, kuma an fi taƙaita karon jiki. Ranar wasan ƙarshensu na ƙasa a 2019 'yan kallo sama da 56,000 suka shiga Croke Park.

Tashar TG4 mai watsa shiri da harshen Ailan ita ta saba nuna wasannin kulob, akwai kuma guntayen wasanni da yawa a YouTube. Ki rubuta Fossa da Stewartstown za ki ga wanda na ba da labari. In na kai tsaye kike so, wasannin lardi Nuwamba da Disamba ne, na ƙarshe a Janairu, galibi Asabar ko Lahadi da rana. A waɗannan watanni agogonmu yana gaban nasu da awa ɗaya, wasan da suka sa ƙarfe ɗaya da rabi zai same ki ƙarfe biyu da rabi.